BA NI DA LOKACI

Magana ga masu shugabancin aiki

Akwai wani mutum da na sani tun muna yara. Tare muka yi makaranta, tare mu kan tafi gona ran da babu karatu. A cikinmu duka babu mai gudunsa. Ya yi karatu ya wuce mu, ya zama darekta a wata ma'aikata, aka ba shi ofis mai sanyi da mota da direba. Mutumin kirki ne. Ba ya cin hanci, ba ya wasa da aikin jama'a.

Ga yadda ya kan yini. Da sassafe mota ta ɗauke shi daga ƙofar gida, ta sauke shi a ƙofar ofis. Ya zauna. Daga wannan taro sai wancan, daga wannan takarda sai waccan. Da rana a kawo masa shinkafa da nama, ya ci a kan tebur yana sa hannu a takardu. Shayi kuwa ba ya yankewa. In aiki ya kira shi Yamai, ya zauna cikin mota fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, ya sauka ya shiga taro, ya sake zama. Ba ya komowa gida sai yara sun yi barci, waya kuma tana bakin matashinsa har gari ya waye.

In na ce masa, "Wane, yaushe rabonka da ka yi tafiya da ƙafarka?" sai ya yi dariya ya ce, "Ba ni da lokaci." In uwargidansa ta ce, "Maigida, wannan ciwon kai ya yi yawa, ka je a duba ka," sai ya ce, "Ba ni da lokaci." In autansa ya kawo littafin makaranta ya ce, "Baba, duba mini," amsar ɗaya ce.

Wata rana da safe ya sunkuya zai sa takalmi, hannun dama ya ƙi. Baki ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, har ya ɓata jijiya a ƙwaƙwalwa. Bai mutu ba, amma ɓarin jikinsa ya shanye, magana sai da ƙyar. Bai kai shekara 55 ba. Yanzu a kan tabarma ya ke yini.

Sa'ad da muka je gaishe shi, na ji mutane suna cewa, "Aiki ne ya cinye shi. Ya ba da kansa domin jama'a." Ni ma na gyaɗa kai. Amma da na komo gida maganar ta tsaya mini a rai. Mutumin da ya bar aiki ya cinye jikinsa da gidansa, abin yabo ya yi, ko kuwa akwai laifi a ciki? Ba domin in ɗora wa abokina kaya na ke tambaya ba, wanda ya ke ɗauke da shi ya ishe shi. Bayan mako guda na je aka auna ni, aka ce ni ma nawa jinin ya hau. Saboda haka tambayar tawa ce, mai karatu, watakila kuma taka ce.

ABIN DA ZAMA KE YI WA JIKI

Iyayenmu ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, gama zamansu duka motsi ne. Namiji ya yi noma, ya ja guga, ya bi jaki zuwa kasuwar ƙauye ya komo. Mace ta yi sussuka da daka da ɗaukar ruwa. Mu 'ya'yansu da muka shiga makaranta, ladan karatunmu shi ne kujera. Amma jikin da muka zauna da shi a kan kujerar irin nasu ne, an yi shi domin tafiya da ɗaukar kaya.

Wani likita a Ingila, sunansa Jerry Morris, yana cikin waɗanda suka fara nuna wannan a fili. A birnin Landan akwai manyan motocin haya masu bene. A zamanin nan kowace mota tana da ma'aikata biyu: direba, wanda ya ke zaune yini guda, da mai karɓar kuɗi, wanda ya ke hawa bene yana sauka, yana taka matakai 500 zuwa 750 kowace rana. Garinsu ɗaya, motarsu ɗaya. Morris ya bi labarin ma'aikata wajen 31,000, ya buga abin da ya samu a 1953. Ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya fi kama su da wuri, ya kuma fi kashe su farat ɗaya. Waɗansu suka ce, ai watakila direbobi sun fi ƙiba tun farko. Sai ya nemi awon wandunan aiki da a ke raba musu, ya gwada. Ya tarar lalle direbobi sun fi kauri, amma ko an jera masu ƙugu ɗaya, mai hawa da sauka ya fi mai zama tsira. Morris kansa ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannunka, tana bugawa wajen sau 100,000 dare da rana. In mutum yana tafiya da sauri, tsokokinsa su kan ƙone sukari da mai da ke cikin jini, jijiyoyi su yi laushi, jini ya gudana ba wuya. In ya zauna shekara da shekaru, kitse ya taru a ciki, jijiyoyi su yi tauri su ƙuntace, sai zuciya ta riƙa tura jini da ƙarfi fiye da kima. Gishiri mai yawa, da rashin barci, da damuwar da ba ta ƙarewa, duk suna ƙara wa wutar itace. Mu kan ce jiki magayi, amma a kan hawan jini jiki ba ya faɗa da wuri. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum miliyan 1,300 ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu kuwa ba su san suna da shi ba.

"AI LALACI MA ZUNUBI NE"

Wani zai ce, "Malam, so ka ke ka koya wa mutane lalaci? Abin da ya dame mu a ƙasar nan shi ne ma'aikacin da ya kan zo ofis ƙarfe goma ya tashi kafin azahar." Gaskiyarka. Ragon ma'aikaci ɓarawo ne, yana cin albashin da bai yi wa gumi ba. Wannan takarda ba tasa ba ce, kada ya ɗauke ta ya yi matashi da ita.

Wani kuma zai ce, "Dubi manomi da damina. Tun asuba yana gona har faɗuwar rana, wa ya taɓa ganin laifinsa?" Babu. Akwai lokacin da ya wajaba mutum ya manta da barci. Likita a tsakiyar annobar sanƙarau, ko mai rabon hatsi a shekarar yunwa irin ta 1984 ko ta 2005, in ya ce zai tashi ƙarfe biyar ya tafi gida, ya yi laifi. Amma damina wata uku ce ko huɗu. Bayanta akwai kaka, bayan kaka akwai rani, manomi ya miƙe ƙafa ya gyara danga. Gonar ma, sa'ad da ƙasa ta ke da yalwa, iyayenmu su kan bar ta saura ta huta kafin a sake shuka ta. Matsalar ofis ita ce ba shi da rani. Shugaba ya kan mai da kowace rana damina. Dā, in an kulle ƙofar ofis aiki ya kwana a can. Yanzu waya ta kawo ofis har cikin ɗakin kwana.

Duniya ta daɗe da gane cewa aiki yana bukatar iyaka. A 1919, a birnin Washinton na Amurka, yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi ita ce ta tsai da awa 8 a rana da awa 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta tsai da awa 40 a mako. A Japan mutuwa saboda yawan aiki ta yawaita har ta sami suna nata, karoshi, a 2014 kuma aka kafa doka domin rage ta. A Faransa, tun farkon 2017, doka ta sa manyan kamfanoni su daidaita da ma'aikatansu a kan lokacin da mutum zai kashe waya ya daina amsa saƙon aiki.

Ba a banza aka yi waɗannan dokoki ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago suka fitar da lissafi cewa a cikin 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Wanda ya ke irin wannan aiki, haɗarin shanyewar jiki gare shi ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100. Awa 55 ba wani abin mamaki ba ne. Ka shiga ofis ƙarfe takwas, ka fita ƙarfe shida, Litinin zuwa Asabar, ka riga ka wuce ta. Mai karatu, ɗauki alƙalami ka lasafta naka.

LOKACIN WA KA KE BAYARWA?

Yanzu mu koma kan yabon da aka yi wa abokina, cewa ya ba da kansa. Kyauta abu ne mai kyau. Amma ba a yabon mutum in ya yi kyauta da akuyar maƙwabcinsa. Sai mu tambaya: lokacin nan da lafiyar nan da shugaba ya ke zubawa a ofis, nasa ne shi kaɗai?

Da fari akwai rabon iyalinsa. Yaro yana bukatar kuɗin makaranta, yana kuma bukatar uban da zai zauna a tabarma ya ji labarinsa, ya tsauta masa, ya yi masa dariya. Kuɗi ba su iya yin wannan. Itace tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, shekarun ɗanyantaka kuwa ba su jiran uba ya gama taro. Matar aure ba domin ta zama mai gadin gida aka aure ta ba. Ran da jikin ya faɗi kuwa, ba ofis ne ya ke ɗaukarsa ba. Uwargidan abokina ita ke juya shi, ita ke yi masa wanka. 'Yarsa ta fari ta bar karatunta ta komo taimakon uwarta. Bashin da ya ci a kan jikinsa shekara ashirin, su ne su ke biya.

Ke ma 'yar'uwa mai riƙe da ofis ko makaranta ko ɗakin haihuwa, maganar ta shafe ki, har ta fi. Ki tashi daga aiki ki tarar da wani aikin yana jiranki a madafa. Mijin da ya ke cin amfanin albashinki, ya kuma bar miki dukan nauyin gida, ya binciki kansa.

Na biyu akwai rabon waɗanda su ke ƙarƙashinsa. Wannan ne mu kan manta. In darekta ya zauna har ƙarfe goma na dare, ba shi kaɗai ya zauna ba. Direba yana waje a gindin dogon yaro, sauro yana cizonsa. Sakatare ba ta iya tashi, ɗan aike ba ya iya tashi. Darekta shi ya zaɓi zaman, an kuwa yaba masa. Su ba a tambaye su ba, ba wanda zai yabe su, 'ya'yansu ma sun yi barci ba su gan su ba.

A Ingila an yi wani dogon bincike a kan ma'aikatan gwamnati, ana kiransa Whitehall, da sunan unguwar ofisoshin gwamnati a Landan. An fara shi a 1967 da maza wajen 18,000. Mutane da yawa suna tsammani manya ne ciwon zuciya zai fi kamawa, tun da su ke ɗauke da nauyi. Ba haka aka samu ba. Cikin shekara goma, mutuwa a tsakanin na ƙasa duka, watau masinjoji da masu tsaron ƙofa, ta kai ninki uku na ta manyan shugabanni. A 1985 Michael Marmot ya jagoranci kashi na biyu na binciken, aka ga ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin iko a kan aikin mutum: a ɗora maka, ba ka da ta cewa a kan yaushe ko yaya. Ashe gajiyar shugaba ba ta tsayawa a kansa. Gangarowa ta ke yi, ta fi nauyi a kan na ƙasa.

Dokar hutu da ke cikin Attaura ta san wannan tun dā. In ka karanta Fitowa sura 20 da sura 23, za ka ga ranar hutu ba ta maigida kaɗai ba ce. An lasafta 'ya'ya da bayi da baƙo, har sa da jaki. Ga maigida aka ba da umarnin, gama shi ke da ikon ya hana su hutu. Wanda ya ƙi hutawa, ya kan hana waɗansu.

MUSA DA SURUKINSA

To, me ya sa mutumin kirki ya ke yi wa kansa da mutanensa haka? Wani tsoro ne ya kama shi, kada na sama su ce bai iya ba. Wani nauyin dangi ne, gama albashi ɗaya yana ciyar da gidaje biyar. Waɗannan dalilai na gaske ne, ba na raina su. Amma akwai wani dalili a ƙarƙashinsu wanda ba mu son faɗarsa. Na same shi a zuciyata, shi ya sa na san shi. Shi ne tunanin cewa in ba ni, abin ba zai yiwu ba.

Fitowa sura 18 ta ba da labarin wani shugaba da ya faɗa cikin wannan. Musa ya kan zauna yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, mutane suna tsaye kewaye da shi suna jiran layi. Surukinsa Yetro ya kawo masa ziyara, ya zauna ya duba yini guda. Bai yaba masa ba. Ya faɗa masa a fili cewa abin da ya ke yi bai yi kyau ba, zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'a kuma. Ya ba shi shawara ya zaɓi amintattun mutane masu ƙin cin hanci, ya sa su a kan dubu dubu, da ɗari ɗari, da hamsin hamsin, da goma goma, su yanke ƙananan shari'u, manya kaɗai za a kawo masa. Musa kuwa, duk da girmansa, ya ji maganar tsoho.

Ka lura, Yetro bai ce aikin ba shi da amfani ba. Bai ce Musa ba shi da gaskiya ba. Abin da ya gani shi ne mutum ɗaya ya rungume kayan mutum ɗari, jama'a kuwa suna shan rana saboda haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sa'ad da abokina ya faɗi, ma'aikatarsu ba ta rufe ko yini ɗaya ba. Kafin wata ya ƙare an sa wani a kujerarsa. Amma sun sha wuya wata da watanni, gama abubuwa da yawa a kansa kaɗai su ke. Bai koya wa kowa ba, ba shi da lokacin koyarwa. Aikin da ya ce yana mutuwa dominsa, shi ma ya cutu.

Saboda haka ga amsar da na samu. Himmarsa abin yabo ce, amincinsa abin koyi ne. Amma barin jikinsa ya lalace, da barin gidansa babu uba, da ƙin raba kaya, waɗannan ba su cikin amincin. Jiki da lokaci amana ne a hannun mutum, waɗansu kuma suna da hakki a cikinsu. Wanda aka ba shi jaki aro, ya yi ta labta masa kaya ba ci ba hutu har ya durƙushe, ba a ce masa mai himma, ko da kayan masu kyau ne.

KUNYA

Akwai wani abu kuma da ke hana manyanmu motsi, shi ne kunya. In darekta ya fito da ƙafa, kafin ya kai kwana an tsai da babur uku, "Ranka ya daɗe, lafiya? Mota ta lalace ne?" In tumbinsa ya fito mu ce hutu ya karɓe shi. In ya rame kaɗan mu ce ko an sauke shi. Da bakinmu mu ke tura manyanmu cikin ciwo.

Mu mutane ne masu son ƙarfi. Tun 1975, da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, in lokacinta ya yi kowa kunnensa yana kan rediyo. Manya su zauna a rumfa suna tafa wa 'yan kokowa, waɗansunsu kuwa ba su iya hawa bene ɗaya sai sun tsaya hutawa. Ba wanda ya ce darekta ya ɗaura warki ya shiga fili. Amma tafiya da ƙafa ba ta rage wa kowa girma. Kunyar kwana uku ce. A rana ta huɗu mutane sun saba, a wata na biyu wani ya biyo ka.

TO, ME ZA A YI?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwa shida, ba mai bukatar kuɗi da yawa a cikinsu.

1. Ka je a auna jininka cikin makon nan, ko kana jin garau. In an auna a ranaku dabam dabam ana samun 140 bisa 90 ko fiye, hawan jini ne. In likita ya ba ka magani, kada ka daina sha domin ka ji sauƙi, sai shi ya ce.

2. Ka yi tafiya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga baligi ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi mai ɗan ƙarfi. Minti 30 sau biyar a mako ya kai 150. Saurin da a ke nufi shi ne wanda za ka iya magana amma ba ka iya waƙa. Da sassafe ya fi, balle da bazara sa'ad da zafi ya kan wuce 40, ka kuma sha ruwa. In ka daɗe a zaune, ka fara da minti 10. In ƙirjinka yana ciwo ko numfashi yana yanke maka, ka ga likita tukuna. Kwana biyu a mako ka yi abin da zai sa tsoka aiki. In kana da gona ko garka, ka kama hauya da hannunka maimakon tsayawa kana nuni da ɗan yatsa.

3. Ka duba kwanonka. Gishirin da ya ishi mutum a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Ka rage sukarin shayi da lemun kwalba. Tuwon gero da na dawa, da wake, da zogale, da miyar kuka, waɗanda muka raina da muka sami albashi, sun fi soye-soyen ofis amfani.

4. Ka yi barci awa 7 ko fiye. Ka sa wa waya lokacin kwanciya. Ka faɗa wa mutanenka abin da ya isa a tashe ka dominsa da dare, sauran ya jira safiya.

5. Ka tsai da lokacin tashi daga aiki, ka riƙe shi kamar yadda ka ke riƙe lokacin taro da gwamna. In dole ta sa ka daɗe, ka sallami waɗanda zamansu bai zama dole ba. Ka keɓe rana ɗaya cikin bakwai, ka bar ma'aikatanka su sami tasu. Ka ci abinci da iyalinka ko sau ɗaya a yini.

6. Ka zaɓi mutum biyu ko uku ka koya musu aikinka. Za su yi kuskure, kamar yadda ka yi sa'ad da ka fara. In ka tafi hutu aka yi mako biyu ba a neme ka ba, kada ranka ya ɓaci. Shaida ce ka iya shugabanci.

Abu ɗaya kuma kowa a gida da ofis ya kamata ya sani. In ka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a jira gobe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Na san wani zai karanta wannan ya ce, "Duk na yarda, amma ba ni da lokaci." Ɗan'uwa, ranar kowa awa 24 ce. Minti 30 kashi ɗaya ne cikin 48 na ranar. Ka sami lokacin zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa, ka sami lokacin duba waya sau ba iyaka. In na sama da kai ya kira ka yanzu, za ka sami lokaci. Abin da mutum ya ɗauka da girma, shi ya kan samar wa lokaci.

Kafin in rubuta wannan takarda na koma wurin abokina, na roƙe shi izini in ba da labarinsa ba tare da suna ba. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sa'an nan ya ce, "Rubuta." Autansa yana zaune kusa da shi yana yi masa fifita. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kafin ka ajiye takardar nan, ka amsa wa kanka waɗannan tambayoyi. Awa nawa na yi aiki a makon jiya? Yaushe rabona da a auna jinina? Wa ya kwana da yunwa ko ya makara zuwa gida saboda ni? In na kwanta gobe, wa na koya wa aikina? 'Ya'yana, wane labari za su bayar a kaina?

Allah ya ba mu himmar aiki, ya ba mu tawali'un hutawa, ya sa mu riƙe amanar da ke hannunmu. Amin.